Sunan Ƙofar Marusa, da maganar Abba

Asabar, bayan isha'i.

Yau an yi sunan jaririyar 'yar kawunmu a Ƙofar Marusa. Taro ya yi kyau, mai jego lafiya lau, an ci waina an sha kunun gyaɗa. Amma abin da ya zaunar da ni rubutu a wannan daren shi ne Abba, ɗan ƙanwata, mai shekara biyu da wata uku.

Da hantsi ina gindin darbejiya ina yanka albasa, yara birjik a tsakar gida. Wata yarinya da ba ta kai Abba ba ta hangi ƙadangare a jikin katanga, ta miƙa yatsa, ta waiwayo ta dubi uwarta, ta sake duban ƙadangaren. Ba so take a kamo mata shi ba, so take su gani tare. Yaro kan fara wannan nuni kafin ya cika wata 18, kuma a wurina ya fi yawan kalmomi muhimmanci. Ban taɓa ganin Abba ya yi shi ba. Yana can lungu ya jera murafan kwalaben lemo a layi, da wani yaro ya goge ɗaya da ƙafa sai ya fasa ihu har jikinsa na rawa, bai lafa ba sai da aka mayar da murfin gurbinsa.

Na kira sunansa daga kusa, na sake kira, ko motsi. Can wata ta buɗe ledar biskit a bayansa, nan take ya juyo. Da ƙishi ya kama shi kuwa, wuyan hannun uwarsa ya kama ya ja ta har bakin randa ya ɗora hannun a kan moɗa, bai ɗaga kai ya dubi fuskarta ba. Da aka rangaɗa guɗa ya toshe kunnuwa yana jijjiga gaba da baya.

Mata suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Inna ta ce miskili ne, kakansa ya gado. Wata ta ce ɗa namiji dama da nauyin baki. Wata ta ce a kai shi ruƙiyya. Duk cikin ƙauna suka faɗa, na sani. Wadda ta sosa min rai ita ce mai raɗa cewa allurar rigakafi ce. Aikina ke nan a asibitin sha-ka-tafi, na kuma ga abin da ƙyanda ke yi wa yaron da ba a yi wa ba. Wannan zance daga wani rahoto ya taso da aka buga a Ingila a 1998, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Manyan binciken da suka biyo baya ba su ga wata alaƙa tsakanin rigakafin da irin halin da Abba ke ciki ba.

Bayan la'asar na ja ƙanwata ɗaki. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Yaya, na ga kina ta kallonsa. Kurma ne?"

Na ce ban zata ba, amma kunnen za a fara gwadawa. Sai ta ce da yana cewa "Mama", yana ɗaga hannu in babansa zai fita, wajen shekara ɗaya da rabi duk suka ɓace. Ta daɗe da wannan a ciki, tana tsoron a ce ita ta yi sakaci. Ta yi kuka sosai.

Na gaya mata abin da nake zato, lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, na kuma ce ba ni ke yanke hukunci ba, aikin likitan yara ne bayan ya zauna da shi. Lalurar tana da nasaba da yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun a ciki, gado na da babban hannu a ciki, kuma an fi gano ta a maza. Ba reno ke kawo ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100, ka ga ko a Katsina ba su kaɗai ba ne. Babu ƙwayar da ke warkar da ita, amma yaron da aka fara koya wa magana da mu'amala da wuri yakan ci gaba ƙwarai. Addu'a kuma ba mu fasa ba, da ita za mu tafi asibitin.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, a wurin awo muna duba nauyi da tsawo mu cike kati, da wuya a tambayi uwa ko ɗanta na juyowa in an kira shi. Alhali akwai takardar tantancewa mai tambayoyi 20, M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a riƙa dubawa a wata 18 da wata 24. Tambayoyi ne masu sauƙi: yana nuni da yatsa? Yana kawo miki abu don ki gani? Yana wasan kwaikwayo, kamar ya ba 'yar tsana abinci? Zan kai wa shugabarmu maganar.

Kafin mu fito na nuna mata ta riƙa durƙusawa daidai fuskarsa, ta shiga wasan murafan nasa, ta ambaci sunan abu ta ɗan jira kafin ta miƙa masa.

Mun tsayar da Litinin, Asibitin Koyarwa na Tarayya, sashen yara. Ta ce ita za ta sanar da babansa yau da daddare, Inna kuma ta bar min. Gobe da safe in sha Allahu zan biya wajen Inna, sannan in nemi wadda za ta riƙe min aikin Litinin.