Auna gorar ƙwallon ƙanƙara: darussan da aikin ke koyarwa

A Kanada, idan sanyi ya kama, yara da ƙungiyoyin matasa ne ke cinye lokacin yamma a filayen ƙanƙara. Magidanta sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare ake bar musu fili. Wani direba ne, wani malamin makaranta, wani akanta, kowa ya taso daga aiki ya saɓo jakarsa don ya buga sau ɗaya ko biyu a mako. Irin waɗannan ne suka fi cika kantunan kayan ƙwallon gora, kuma su suka fi kowa sayen gorar da ba tasu ba.

Wanda ya san ƙwallon gora ta kan ciyawa, wadda ake bugawa a wasu makarantun Najeriya, ya ajiye wannan sanin a gefe tukuna. Gorar ciyawa gajeriya ce, iyakarta ƙugu, kuma duk ta dama ake yi. Ta ƙanƙara doguwa ce, akwai ta hagu akwai ta dama, kuma aikinta irin na baka ne: ana tanƙwara ta, ta sake, ta harba. Ƙwallon ma faifai ne na baƙar roba mai nauyin gram 170, ana ce masa fak. Gorar kashi biyu ce, ƙota da baki, bakin kuma yana da dunduniya da hanci. Da da katako ake yin ta. Tun da kamfanin Easton ya fito da gorar Synergy a farkon shekarun 2000 kasuwa ta koma ga gorar kabon wadda ƙota da baki suke a haɗe.

Darasin farko shi ne awo yana da jeri, kuma wanda ya birkita jerin ya ɓata kuɗinsa. Hannu ake fara tantancewa, sai tsawo, sai ƙarfin ƙota, sai zaman baki a ƙasa, sai lanƙwasar baki. Masu saye kuwa daga ƙarshe suke farawa. Mutum zai shigo yana tambayar bakin da wani tauraron NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ke amfani da shi, alhali bai san tsawon da ya dace da shi ba.

Maganar hannu ba ta da tsawo. Sunan gora daga hannun ƙasa yake: idan hagu ce a ƙasa, gorar hagu ce. A Kanada yawanci ana koya wa yara su sa hannunsu mai ƙarfi a sama, domin shi ke juya gora, shi ke riƙe ta idan aka saki ɗayan. Shi ya sa masu rubutu da dama da yawa gorar hagu suke riƙewa. Babban da ya fara wasa a makare, a miƙa masa shebur a ga yadda zai kama. Wanda ya riga ya shekara yana bugawa da wani hannu, a ƙyale shi.

Tsawo kuma ana auna shi ne a tsaye, hancin gora a ƙasa tsakanin ƙafafu, ƙota ta miƙe a gaban fuska. Idan mutum yana sanye da takalmin ƙanƙara, kan ƙota ya tsaya wajen haɓa. Idan babu takalmin, wajen hanci. Wannan mafari ne kawai. Mai tsaron baya yana son ƙarin inci ɗaya ko biyu don ya kai hannu ya tsokane fak daga nesa, mai son yanka a matsatsi kuma yakan rage ta zuwa ƙasan haɓa. Amma ga abin da ke ruɗa awon ɗan wasan nishaɗi: galibinsu a miƙe suke zamiya, ba sa durƙusar da gwiwa yadda ya kamata, saboda haka doguwar gora ce ke yi musu daɗi a kanti. Idan aka biye musu, gorar za ta riƙe su a wannan tsayuwar har abada. Gara a ba shi wadda za ta ɗan tilasta masa ya rusuna. Kuma duk mai awon da ya san aikinsa zai ce a zo da safar hannu ta wasa da takalmi, domin takalmin yana ɗaga mutum kusan inci uku, safar kuma tana canza yadda ƙota ke zama a tafi.

A kan ƙarfin ƙota ne aka fi yin asara, a nan ya kamata a daɗe. Kowace gora tana da lamba a jikinta, wadda ake kira fleks: 55, 65, 77, 87, 102. Ma'anar lambar ita ce yawan laba na nauyin da za a danna a tsakiyar ƙota kafin ta tanƙwara inci ɗaya. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a raba nauyin mutum na laba biyu. Ga mai lissafi da kilo abin ya zo da sauƙi, domin rabin nan kusan kilonsa ne da ɗan ƙari: mai kilo 80 zai samu 88. To, ƙa'idar nan an yi ta ne da tunanin mutumin da ya iya kwantar da nauyinsa a kan gora, wanda nauyin nasa tsoka ce. Magidanci mai kilo 100 wanda rabin ƙarin a tumbi yake, lissafi zai ba shi 110, kuma ko zai kwana yana dannawa ba za ta motsa ba. A ganina lambar da lissafin ya bayar ita ce iyakar sama, daga nan sai a sauko da 10 ko 15 ga yawancin masu wasan dare. Marigayi Johnny Gaudreau, wanda ya yi suna a ƙungiyar Calgary ta NHL, an san shi da gora mai lamba 55, wadda a kanti ta 'yan matasa ce. Idan ƙwararre bai ji kunyar wannan ba, ban ga dalilin da zai sa mai buga wasa ranar Talata da dare ya nace wa 87 ba.

Dalilin a bayyane yake idan aka kalli bugun a hankali. Hannun ƙasa yana danna ƙota, bakin gora na dafe da ƙanƙara, hannun sama yana jan kan ƙota zuwa jiki. Ƙota ta yi ciki, sannan ta sake ta watsa fak. A babban bugu ma, wanda ake ɗaga gora baya a zabgo ta, bakin gora ƙanƙara yake fara duka, inci kaɗan bayan fak, don a ɗora wa ƙota wannan lanƙwasar. Idan ƙota ta fi ƙarfin mai ita, tura fak kawai yake yi da damtse: bugun ya fito a sanyaye, ba ya tashi, fasin da aka ba shi da ƙarfi kuma ya yi tsalle ya bar bakin gora. Idan ta yi laushi fiye da kima, bakin yana buɗewa lokacin bugu, fak ya riƙa kaucewa gefe ko ya haure raga. Na biyun ba a cika ganinsa ba a tsakanin masu wasan nishaɗi.

Sai tarkon zarto. Lambar da ke jikin gora ta gorar da ba a yanke ba ce. Duk incin da aka datse daga sama yana sa a ji ta ƙara tauri da kamar 3 zuwa 5, domin an rage tsawon da hannu ke tanƙwarawa, kamar yadda guntun kara ya fi dogo wuyar lanƙwasawa. Ɗauki mutum mai tsawon santimita 170 da kilo 70. Lissafi ya ba shi 77, ya sayi ta manya mai inci 60, aka datse inci huɗu don ta zo masa haɓa. Abin da ya fita da shi daga kanti ya tasam ma 90 ko ya wuce. Wata shida yana zargin kansa da rashin iya bugu. Da ya ɗauki matsakaiciya, wato ta 'yan matasa, mai inci 57 da lamba 65, da ɗan abin da za a yanke kaɗan ne, ƙotar ma ta fi siranta, ta fi zama a ƙaramin hannu. Dogon mutum kuma akasin haka ke samunsa: idan aka ƙara masa toshi a sama don tsawo, gorar takan yi laushi. Wannan ne ya sa tsawo ke gaba da fleks a jeri.

Gwajin kanti ba wuya. A riƙe gora kamar za a yi bugu, a ajiye baki a ƙasa, a danna da hannun ƙasa ba tare da an hau kanta da dukan jiki ba. Idan ta ba da kamar inci ɗaya cikin sauƙi, an kusa. Hannun sama kuwa a riƙe daidai inda za a yanke, ba can ƙarshen ƙota ba, in ba haka ba gwajin ƙarya ne.

Zaman baki a ƙasa shi ne abin da kusan babu mai tambaya, ga shi kuwa manomi ma ya san shi: fartanyar da kusurwarta ba ta dace da sunkuyon mai ita ba, gefe ɗaya take ci. Ana ba kusurwar da ke tsakanin ƙota da baki lamba, galibi daga 4 zuwa 7, kuma 5 da 5.5 da 6 suka fi yawa a kasuwa. Lamba 5 digiri 135 ce. Ƙaramar lamba ta mai sunkuyawa ce da ke tafe da fak nesa da ƙafafunsa, babba kuma ta mai miƙewa da ke riƙe shi kusa. Ba a buƙatar na'ura don gano wannan, tsohuwar gorar mutum ce shaida. A juya ta a duba tef ɗin da ke ƙasan baki. Idan dunduniya ce ta cinye, har zaren tef ya tashi kabon ya leƙo, hanci kuma fes kamar yau aka naɗa, to hancin a sama yake yawo: ko lambar ta yi yawa ko gorar ta yi tsawo. Idan hanci ne ya cinye, a ƙara lamba. Mai wannan matsalar zai ce maka fak yana bi ta ƙarƙashin gorarsa, kuma gaskiya ya faɗa. Idan cin dunduniya ne, sau da yawa datse inci ɗaya yana gyara shi ba sai an sayi sabuwa ba.

Lanƙwasar baki ita ce ake ta surutu a kai. A shekarun 1960 Stan Mikita da Bobby Hull na Chicago suka yayata lanƙwasa baki, har abin ya yi yawa aka kafa doka. Iyakar NHL a yanzu kashi uku cikin huɗu na inci ce, da kuwa rabin inci ce. A wasa na biyu na zagayen ƙarshe na Kofin Stanley, kofin gasar NHL, na 1993 aka auna gorar Marty McSorley na Los Angeles aka tarar ta wuce ƙa'ida, aka fitar da shi na minti biyu, Montreal ta farke ta ci wasan, daga baya ta ɗauke kofin. Mai wasan nishaɗi dai baki uku ne a gabansa. P92 na kamfanin Bauer, wanda kamfanin CCM ke kira P29, kamfanin Warrior kuma W03, buɗaɗɗe ne, yana ɗaga fak cikin sauƙi. P88 lanƙwasarsa a tsakiya take, fuskarsa ta fi rufewa, ya fi riƙe fak a ƙasa, ya fi sauƙin karɓar fas da bugun bayan baki. P28 kuwa ƙugiyarsa a hanci take, na masu jan fak zuwa ƙafa su fizge shi ne, kuma a hannun wanda bai iya ba gilashin bayan raga yake duka. Wanda bugunsa ba ya tashi ya gwada P92 bayan an gyara masa fleks, wanda nasa ke haure raga ya koma P88.

Akwai kuma inda ƙota ta fi tanƙwarawa. Wasu a ƙasa kusa da baki, kamar gorori samfurin Vapor da Ribcor, don saurin saki. Wasu a tsakiya, kamar Nexus da Tacks, don bugu mai nauyi. Tunda wasu gasannin nishaɗi ma sun hana babban bugu, kuma yawancin ƙwallayen daga kusa da raga ake cin su, ta ƙasa ta ishi mafi yawan mutane. Bambancin bai kai yadda talla ke zuzuta shi ba.

Odar gora ta musamman daga kamfani, wadda za a zaɓi komai har launi da suna a jikin ƙota, tana ɗaukar makonni, kuma kuɗinta ya fi na gorar kanti mafi tsada, wadda ita ma ta haura dala 300. Tana da amfani ga wanda lambobinsa babu su a kanti: dogon mutum mai son ƙota mai laushi, ko mai neman wani baki da wata kusurwa da ba a haɗa su tare. Wanda bai taɓa cinye gora biyu masu lamba ɗaya ba, bai san abin da zai yi oda ba tukuna. Gara ya sayi matsakaiciyar kuɗi, ko da ta fi nauyi da 'yan gram, ya buga da ita wata uku. Ragowar gorar ƙwararru da ake sayarwa da araha kuma a yi hattara: an yi su ne da awon wani, galibi masu tauri ne, kuma ba su da garantin kwana 30 da sabuwar gorar kanti ke zuwa da shi.

Yankan ma da ƙa'idarsa. A sa alama mutum na sanye da takalmi, a bar rabin inci fiye da abin da ake tsammani, domin abin da zarto ya ci ba ya dawowa. A naɗe wurin da tef don kada zaren kabon ya tsage, a yanka da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, a goge bakin da samfefa, a mayar da murfin roba, sannan a yi dunƙulen tef a kai. A baki kuma a naɗa farin tef daga dunduniya zuwa hanci, a buga wasa biyu ko uku, a juyo ƙasan a duba inda ya ci. Idan cin ya bi tsakiya daidai, sai a rubuta tsawon da lambobin a waya kafin gorar ta karye.