Wata Uku Ina Kwaikwayon Zanen Kirchner

A waya na fara ganin zanen Potsdamer Platz, wani dandali a birnin Berlin, wani dare da barci ya ƙi zuwa. Mata biyu ne tsaye kan wani ɗan dandamali a tsakiyar titi, ɗaya da baƙaƙen kaya da lulluɓin takaba, ɗaya da shuɗiyar riga, fuskokinsu kore-kore kamar waɗanda suka tashi daga jinya. A bayansu ga jar tashar jirgin ƙasa, ga maza cikin baƙaƙen kwat suna ta zabga taku. Ernst Ludwig Kirchner, wani mai zane ɗan Jamus, shi ne ya zana shi a 1914, shekara uku bayan ya baro Dresden ya koma Berlin. Tun a daren na ƙudura sai na kwaikwaye shi.

Na asalin yana gidan adana zane na Neue Nationalgalerie a Berlin, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Ni rabin haka na yanka ƙyallena, don kuɗin fenti.

Karon farko hannuna ya yi ta gyara masa aiki ban sani ba. Titinsa a karkace yake kamar zai zubar da mutanen da ke kai, sai na miƙar da shi. Matan sun yi tsawon da ya wuce misali, na rage su. Dandamalin ya yi musu kaɗan, na faɗaɗa. Da na ja da baya na duba, komai ya zauna daidai, amma faɗuwar gaban da ta kama ni daren farko babu ita. Mata biyu ne kawai suna jiran mota.

Na yi kwanaki abin yana cina, har na karanta cewa ilimin zanen gine-gine ya yi a Dresden, kuma a 1905 da ya kammala ne shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar masu zane ta Die Brücke, wato Gada. Mutumin da ya san ma'aunin gini haka, idan ya karkatar da titi, da niyya ya yi. Matan nan masu zaman kansu ne, a tsakiyar jama'a suke amma ba mai tsaya musu, kuma ƙanƙantar dandamalin ita ke faɗin haka.

Na kuma gano cewa a kan titi yake fara aiki, da ɗan littafi a hannu, yana zana masu wucewa cikin gaggawa, sai ya koma ɗaki ya ɗauki burushi. Sai na ajiye wayar. Sati biyu ina zuwa bakin tasha bayan magariba da fensir, ina bai wa kowane mutum daƙiƙoƙi kaɗan. Wanda ke sauri ba ya jiran ka zana masa ido. Kafaɗa da ƙafa kawai kake samu, kuma layin da kansa yake fitowa da tsini, irin na Kirchner.

Koren ne ya fi ba ni wahala. Nawa kullum na ganye yake fitowa, mai sanyi a ido. Sai da na haɗa shi da rawaya da ɗan toka, na kuma dasa shi daf da jan tashar, sannan ya fara yin ɗaci.

A 1937 'yan Nazi suka kwashe ayyukansa sama da 600 daga gidajen zane na Jamus, wai gurɓatattu ne. Shekara na zagayowa ya kashe kansa kusa da Davos a Suwizalan. Ina aikin gwaji na uku lokacin da na karanta wannan, ranar ban iya ƙarasa fuskar mai takabar ba, sai washegari.