Ban Taɓa Kulle Dodo Ba

Shekara biyu na kwashe ina fama da labari ɗaya, sau uku ina rushe shi ina sake ɗora tubali. Sana'ata gyaran rubutun wasu ce. Marubuta su turo mini labari ta WhatsApp, in haɗe kalmomin da suka raba, in raba waɗanda suka haɗe, in sa wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu. A wannan aikin na ga mugaye iri-iri a takarda: kishiya mai bin bokaye, uwar miji mai baƙin hali, alhajin da ya ba da ɗansa don ya yi kuɗi. Dukansu a gefe suke tsayawa, suna jiran babin ƙarshe da za su haukace ko mota ta kaɗe su. Sai na ce bari in gwada abin da ban cika gani ba, in mai da makashin ya zama babban tauraro, mai kisan ɗauki ɗai-ɗai, mai karatu ya zauna a cikin kansa tun daga shafin farko.

Na sa masa suna Sallau. Na ba shi jajayen idanu da tabo a kumatu. Yana kwana a kango, yana dariya shi kaɗai da tsakar dare. Kishiyar uwarsa ta taɓa ƙona masa hannu yana yaro, shi ya sa ya tsani mata. Kuma ya fi duk 'yan sandan garin wayo, har wasiƙa yake bar musu. Da na gama na ji kamar na yi abin kirki.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon gandiroba da ya yi ritaya, mai son karatu. Shi na fara kai wa. Kwana huɗu ya riƙe takardun, ran na biyar bayan la'asar ya kira ni kan tabarmarsa.

"Ɗan nan, Hausarka ta yi daɗi. Amma wannan wane ne?"

Na ce, "Shi ne makashin, Baba."

Ya ce, "Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da makulli, har ɓangaren waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa na tsare. Ban taɓa kulle dodo ba. Wanda ya fi kowa yawan rayuka a wuyansa cikin waɗanda na sani, shi ke ɗinke wa 'yan ɗakinsu riga in ta yage. In na yi mura kuwa, shi ne farkon mai ce mini ya jiki."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma maganar ta hana ni barci. Mu ne fa muke cewa mugu bai da kama, sai ga shi na zauna na yi wa nawa mugun kama tun daga ido har tafin hannu.

Na ajiye alƙalami na koma karatu, kuma da labaran gaskiya na fara. Wanda ya fi girgiza ni shi ne na Harold Shipman, likita a garin Hyde kusa da Manchester a Ingila. A watan Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kashe majinyatansa 15. Kwamitin binciken da Dame Janet Smith ta jagoranta ya gano sama da 200, kuma ana ƙiyasin adadin ya kai kusan 250, galibinsu tsofaffin mata. Mutumin nan da gemunsa da tabarau, yana zuwa duba marasa lafiya har gida, mutanen garin suna yabon kirkinsa. Haka ma Dennis Rader na Wichita a jihar Kansas ta Amurka, wanda ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu, har shugaban majalisar cocinsu ya zama. Wayon da na ɗora wa Sallau kuwa, a nan ya fara ba ni kunya. A 2005 Rader ya tambayi 'yan sanda ko za su iya gano shi in ya aiko musu da saƙo a faifan kwamfuta. Suka ce a'a. Ya yarda, ya aika, suka ciro sunansa na farko da sunan cocinsu daga cikin faifan. Mutumin da ya yi shekara talatin ana nemansa ke nan. Girman kai ne da son a san da shi suka riƙe shi, kuma su suka kai shi ƙasa.

Jajayen idanu da wasiƙu ba su ba ni wahalar cirewa ba. Kishiyar uwar ce na daɗe ina riƙe da ita, don ita ce dalilina, kuma an koya mana cewa tauraro ba ya aikata abu babu dalili. Shi ma Shipman yana da irin wannan labarin. Yana ɗan shekara 17 mahaifiyarsa ta rasu da ciwon daji na huhu, ya kuma riƙa ganin likita yana zuwa gida yana yi mata allurar rage raɗaɗi. Marubuci na ganin haka zai ce ya samu makulli. To amma yara nawa ne suka kalli uwayensu suna jinya har rai ya yi halinsa, suka girma ba su taɓa ko kaza da mugunta ba? A layinmu kaɗai zan ƙirga mutum biyar da suka tashi a hannun matar uba mai zafi. Ɗaya tela ne, ɗaya ladan. Shipman kansa ya rataye kansa a kurkuku a 2004 bai amsa laifi ko ɗaya ba, balle ya faɗi dalili. Abin da na fahimta shi ne, in ka miƙa wa mai karatu raunin yarinta a matsayin amsa, ka ba shi damar rufe littafin hankali kwance, ya ce ai shi ya sa. Ni kuwa ba na so ya samu wannan kwanciyar hankalin. Ban goge yarintar Sallau ba. Na bar ta a bakinsa, yana ba da ita iri uku a wurare uku, gwargwadon wanda yake son ya ji tausayinsa.

A nan ne sabon Sallau ya fito. Mai kemis ne a unguwa, wanda kowa ke kira "likita" alhali ya faɗi jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya sau biyu. Yana ba da magani bashi. Yana zuwa yi wa tsofaffi allura har ɗaka, a ba shi tabarma, a kawo masa kunu. Abin da ya riƙe labarin gaba ɗaya shi ne ƙaryar da yake yi wa kansa: shi a ganinsa hutar da su yake yi. Kalmar kisa ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ko zuciyarsa ba, daga farkon littafin har ƙarshe. Yakan ce "na sallami Iya", ko "na rage wa gidan nan nauyi". Yana zuwa jana'iza, yana ɗaukar makara, har ya yi hawaye, kuma hawayen na gaske ne. Wahalar aikin ita ce in bar mai karatu ya hango abin da shi Sallau ba ya gani. Tsohuwa ta farko tana jin jiki ƙwarai. Ta uku ciwon gwiwa kawai take yi, amma ta taɓa ce masa a gaban mutane, "Kai fa ba likita ba ne, ɗan kemis ne." Ban rubuta cewa wannan ne ya jawo mata ba. Na sa maganar a babi na huɗu, mutuwar a babi na tara, shi kuma yana ta bayanin yadda gwiwar ke wahalar da ita.

Wannan dabarar a wurin Patricia Highsmith na ga yadda ake sarrafa ta, a littafinta na farko kan Tom Ripley da ya fito a 1955. Kafin Ripley ya kashe abokinsa mai kuɗi a cikin kwale-kwale a gaɓar San Remo ta Italiya, marubuciyar ta riga ta sa mun ɗanɗani kunyarsa. Akwai wurin da abokin ya shigo ya tarar da shi sanye da kayansa a gaban madubi yana kwaikwayonsa. Duk wanda ya taɓa aron riga ya je biki, aka gane, ya san wannan zafin. Bayan kisan sai ka tsinci kanka gabanka na faɗuwa duk lokacin da ɗan sanda ya yi masa tambaya, kana fatan ya tsira. Sai daga baya ka tuna wanda kake yi wa fatan. Na koyi cewa mai karatu ba ya buƙatar ya so makashi. Ya isa ya gane wani ƙaramin abu nasa a jikinsa: hassada, jin an raina shi, son a kira shi da sunan da bai kai ba.

Wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne mutanen da ke kewaye da shi. Sallau na farko shi kaɗai yake rayuwa kamar aljani. Amma a Hyde, masu shirya gawa sun lura cewa majinyatan Shipman suna yawan mutuwa a zaune, sanye da kayansu tsaf. Wata likita a garin ta kai ƙorafi a watan Maris na 1998, 'yan sanda suka duba sama-sama suka rufe maganar, ya kashe ƙarin mutum uku kafin a kama shi. Abin da ya tona shi wasiyyar bogi ce da ya buga da sunan wata tsohuwa, wadda 'yarta lauya ce ta ƙi yarda. Kafin nan, mutane da yawa sun ga wani abu sun haɗiye, don wa zai tuhumi likita? Marubuciyar Najeriya Oyinkan Braithwaite ta gina littafinta na 2018 kacokan a kan wannan gurbin. A Legas labarin yake, kuma mai ba da shi ma'aikaciyar jinya ce da ƙanwarta ke kashe nata samarin, ita kuma tana zuwa tana wanke jinin. Bahaushe zai gane wannan da sauri, mu da muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai na yi wa Sallau mata. Ita ke wanke masa jaka. Ta lura kwalaben da ke fita cike suna dawowa wayam a ranakun da ake rasuwa. Ba ta tambaya ba. Abin da ta yi shi ne ta daina barin ya yi wa mahaifiyarta allura, ta ce tsohuwar tana tsoron tsini. Duk waɗanda suka karanta sun ce wannan layin ya fi kowane kisa a littafin tayar musu da tsigar jiki.

Na mayar wa Baba da kwafi na biyu ina jiran yabo. Ya ce yanzu kam ya ga mutum. Sannan ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa.

"Wannan tsohuwar ta biyun, me take sayarwa?"

Na ce ban sani ba.

"'Ya'yanta nawa? Wa ke kai mata ruwan alwala?"

Na yi shiru. Shafi sama da ɗari na ba wanda ya yi kisan, matar da ya kashe kuwa layi uku, ko suna ban ba ta ba. Wato na kalle ta da idon Sallau, na mai da ita nauyin da za a rage. Baba ya ce a gidan yari ranar ziyara yakan ga dangin mai laifi, amma dangin wanda aka kashe sai dai a harabar kotu, suna zaune a gefe ba mai tambayarsu komai. Wannan shi ne gyaran da ya fi cin lokacina, wata bakwai. Kowace tsohuwa sai da na san ta kamar kakata. Ta biyun ta zama mai daddawa, mai rowar gishiri da yawan kyautar goro, wadda ke tara kuɗi a asusun ƙasa don ta saya wa jikarta gadon aure. Da na sake rubuta daren da Sallau ya shiga ɗakinta, na kasa wucewa a zama ɗaya. Abin mamaki, shi ma Sallau sai ya ƙara nauyi, don yanzu ana ganin girman abin da yake kira hutarwa. Kuma na rage bayanin yadda yake aikatawa har ya kusa ɓacewa. Ba na son littafina ya zama allon koyo, ga shi kuma na lura duk inda na tsaya kan allura da kwalba, fuskar matar ce ke dusashewa.

Saura ƙarshen labari, inda har yau muke ja da abokan rubutu. Masu karatunmu sun saba a faɗakar, suna so su ga alhaki ya bi mai shi, kuma ban raina wannan ba. Na bar a kama Sallau. Abin da na ƙi shi ne in sa shi ya durƙusa yana kuka yana neman gafarar unguwa, don mutumin da na yi shekara biyu ina zaune a cikin kansa ba zai yi haka ba. A shafin ƙarshe yana cikin ɗakin tsare masu jiran shari'a, yana taɓa goshin wani tsoho mai zazzaɓi, yana tambayar gandiroba ko akwai wanda ke duba shi.

Baba ya karanta wannan shafin sau biyu, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce in ƙara layi ɗaya: gandiroban ya ɗauke tsohon ya mayar da shi wani ɗaki a daren.