Daga teburina na Zariya zuwa Hamburg, gidan ƙananan jiragen ƙasa

Akwai wani ɗaki a bayan gidana a Zariya da yara ke kira tasha. Tebur ne a ciki, tsawonsa mita biyu da rabi, na shimfiɗa masa ƙaramin layin dogo irin wanda kan jirginsa bai wuce tafin hannu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru yana bin layin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda. A jikin dogo na girma, shi ya sa da na samu hali na ce sai na gina tasharmu da hannuna. Shekara uku ina fama. Jirgin yakan tashi lafiya, ya zo wata kwana ya tsaya cak, fitilarsa ta mutu, sai na ɗan taɓa shi da yatsa ya ci gaba. Na sauya transifoma, na sauya kan jirgin, abin bai bari ba. Da wannan damuwar a raina na hau jirgin sama daga Abuja zuwa Jamus a watan Oktoba, don ziyarar ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Hamburg.

A Frankfurt muka sauka da asuba. Daga nan jirgin ƙasa mai gudu, wanda suke kira ICE, ya ɗauke ni zuwa arewa cikin kusan awa huɗu. Gonaki da dazuzzuka na ta wucewa ta taga, ganye ya soma yin ja da rawaya, ni kuwa idona na kan yadda tsakuwa ke kwance a gindin dogo da yadda ciyawa ke tsayawa daidai inda tsakuwar ta ƙare. Wanda ya taɓa gina irin wannan abu a tebur, kallonsa ga hanya ya canza ke nan.

Yaron ya tarbe ni a babbar tasha da rigar sanyi a hannu. "Kawu, na riga na yankar mana tikiti na jibi da safe," in ji shi, "in ba a kama lokaci tun da wuri ba, sai mutum ya yi ta jira a layi." Ya san abin da ya kawo ni, bayan zumunci.

Wurin da ya yankar mana tikitin shiga sunansa Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa ne, yana cikin unguwar Speicherstadt, tsofaffin sito-sito na jan bulo da aka soma ginawa a 1883 a bakin ruwa, inda 'yan kasuwa ke ajiye gahawa da shayi da kayan yaji da darduma. Unguwar ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2015. Mun sauka a tashar Baumwall, muka taka ta kan gada, iska mai sanyi daga kogin Elbe na dukan fuska. Tagwaye ne suka kafa wurin, Frederik da Gerrit Braun. Tunanin ya zo wa Frederik a shekarar 2000 a wani shagon ƙananan jirage a Zurich, aka buɗe ƙofa a 2001. Yau tsawon dogon da ke ciki ya haura kilomita 16, kuma babu irinsa a girma a duk duniya.

Komai a ciki an rage shi sau 87, ma'aunin da ake kira H0. Mutum bai kai santimita biyu da rabi ba, tsakanin ƙarafan dogo kuma milimita 16.5 ne. Ma'aunin teburina ke nan, don haka da na shiga sai na ji kamar ɗakina ne aka buɗe masa bango ya zama ƙasa guda. Ga Hamburg ɗin kanta da tashar jiragen ruwanta, ga Ostiriya, ga Amurka da hamadarta da fitilun Las Vegas, ga Italiya. A sashen Suwizalan duwatsun sun fasa daɓe sun ratsa hawa biyu, dutsen Matterhorn ya kai wajen mita shida, mutum na tafiya ta cikinsa. A sashen ƙasashen Iskandinabiya ruwa ne na gaske, lita 30,000, jiragen ruwa na yawo a kai. Duk minti 15 sai gari ya yi magariba, fitilun rufi su dusashe, tagogin gidaje su kama haske ɗaya bayan ɗaya, sannan gari ya waye. Karon farko da dare ya yi, ɗakin ya ɗauki shiru, har yaran da ke ta guje-guje suka tsaya.

Jama'a sun fi cincirindo a filin jirgin sama na Knuffingen, garin da babu shi a taswira, su suka ƙirƙire shi. An buɗe filin a 2011 bayan aikin kusan shekara shida. Jirgi kan fito daga wurin ajiya, ya bi hanya, ya yi gudu, wasu siraran sanduna biyu su ɗaga shi daga ƙasa har ya ɓace ta cikin bango. Motocin kan titi kuma ba dogo suke bi ba. Waya ce aka binne a ƙarƙashin kwalta, kowace mota na da ɗan maganaɗisu a gabanta da ke bin wayar yana juya tayoyi, suna tsayawa a danja, suna kunna sigina, in batir ya yi ƙasa su nufi wurin caji da kansu. Abin burgewa ne ƙwarai, amma ban daɗe a nan ba.

Inda na kafe shi ne wurin da mutane ke wucewa da sauri: ɗakin kula da zirga-zirga, mai cike da allunan kwamfuta, da teburan masu gyara da ke a fili kowa na gani. A nan na tsaya kan wani ma'aikaci da ya kifar da kan jirgi a cikin soso, tayoyi sama. Ya ba shi wuta da wayoyi biyu, tayoyin suka soma juyawa, ya ɗora tsinken auduga da ya jiƙa a kansu. Kafin ƙiftawar ido farar audugar ta koma baƙa ƙirin. Ya jefar, ya ɗauki wata, sai a ta huɗu ta fito fes. Sannan ya ɗauki ɗan hantsaki ya zaro wani siririn gashi da ya naɗe a gindin taya, ya ɗiga mai ɗigo ɗaya tak da bakin allura.

Na ce wa yaron ya tambayar mini shi da Jamusanci, me ke sa jirgi ya tsaya a wuri guda kullum. Mutumin bai ko ɗaga kai sosai ba, ya nuna audugar da ke gabansa, ya nuna dogo. Bayanin da ya biyo baya gajere ne, kuma na gane shi tun kafin a fassara. Wutar da ke tafiyar da jirgin ta cikin dogo take bi, ta shiga taya ta wani wuri da bai kai kan allura ba. Ƙura ƙanƙanuwa ta shiga tsakani, wuta ta yanke. Kuma 'yan maɗauran ƙarfen da ke haɗa sandar dogo da 'yar'uwarta, aikinsu riƙe layi ne, ba a dogara da su wajen kai wuta, domin suna saki da tsufa. Abin da ake yi shi ne a ja waya mai kauri a ƙarƙashin tebur, a riƙa fito da 'yan rassa ana like su da dalma a jikin dogo nan da can.

Teburina gaba ɗaya wayoyi biyu ne ke ba shi wuta, a wuri ɗaya, kuma kwanar da jirgin ke mutuwa ita ce mafi nisa daga nan. Ga hunturu, da ƙura ke shiga ko ta ramin makulli. Ga damina, da katako ke shan danshi ya kumbura, rani ya zo ya tsuke, maɗauran su yi ta sassautawa. Na kuma tuna da takardar yashi da nake goge dogo da ita ina ganin gyara nake yi, alhali ƙananan ƙarce-ƙarcen da take bari su ne maɓoyar datti. Idan mutanen da ke cikin ginin bulo mai rufaffun tagogi, a garin da ruwan sama ba ya yankewa, suna yaƙi da ƙura kullum har da taragu na musamman masu share layi, ina ga mai ɗaki a Zariya a watan Janairu?

Da na koma kallon shimfiɗar, sai na daina ganin ado, na soma ganin dabara. Hawa ba ya yin tsaye: ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kada a wuce santimita biyu zuwa uku a kowace mita, in kuwa ana son hawa mai nisa sai a naɗe layin kamar gammo a ɓoye cikin dutse. Nawa hawan ya ninka haka, shi ya sa taragu ke jan kan jirgin baya. Duwatsun kuma fanko ne, ƙashin katako da ragar waya da filasta, an bar ƙofofi ta baya don hannu ya isa ko'ina. Ni na rufe ramin dutsena ruf, ranar da tarago ya sauka a ciki sai da na fasa gefe guda. Launi ma darasi ne. Babu kore ɗaya a wurin. Ciyawar bakin dogo ta ƙone ta yi ruwan ƙasa, rufin gidaje na da tsatsa, tsakanin ƙarafa akwai baƙin mai. A ganina wannan dattin da aka zana da gangan shi ne ya fi komai sa wurin ya yi rai.

A sashen Suwizalan na lura da wani abu da ya shafe ni kai tsaye. Jajayen jiragen kan dutse suna bin dogo da ya fi sauran ƙunci, mai milimita 12, saboda na gaskiyar faɗinsa mita ɗaya ne. Tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, in aka raba da 87 sai ya ba da 12 da 'yan kai. Ashe tashar Zariya da nake ginawa a kan dogo mai 16.5 ta yi wa jiragen mahaifina faɗi. Na daɗe tsaye a wurin ina lissafi a bayan tikitina.

Muka tsallaka gadar da ta haɗa ginin da na ƙetaren ruwa, muka ga Rio de Janeiro da Patagoniya, muka leƙa Monako da aka buɗe a 2024, inda motocin tsere ke zagaye. Ƙafafuna sun gaji. Awa shida muka yi, yaron bai ce uffan ba sai da muka fito. "Kawu, yanzu rushe naka za ka yi?" Na ce a'a, ɗagawa zan yi in shiga ƙarƙashinsa.

Washegari ya raka ni wani shagon kayan wannan sana'a. Na sayi nannaɗen waya ja da baƙa, da dalma, da tarago mai share layi, da sandunan dogo shida masu milimita 12 don reshen Ƙauran Namoda. Mai shagon ya ji ina son zuba jar ƙasar garinmu ta gaske a kan teburin, sai ya ce in tankaɗe ta, in busar, in bi ta da maganaɗisu kafin in zuba gam, domin injin jirgin na ɗauke da maganaɗisu, duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin ƙasar zai tsotse shi zuwa ciki.

Na dawo gida ana gab da shiga hunturu. Kwana huɗu na yi a kwance ƙarƙashin tebur da tocila a baki, na fito da rassan waya goma sha biyu, na goge dogo da tsumma da sifirit, na sa tela ya ɗinka wa teburin murfin yadi. Jar ƙasar da na ɗebo daga gindin Kufena na shanya a faranti, na wuce da maganaɗisu a kanta, ya fito da baƙin gari manne a bakinsa. Daren Juma'a na kira yara, na kashe fitilar ɗaki, na murɗa maɓalli kaɗan. Jirgin ya taso a hankali, ya wuce kukar da na yi da murɗaɗɗiyar waya, ya shiga kwanar nan da fitilarsa a kunne, ya fita ta ɗaya gefen. Ƙaramar cikinsu ta ce a bar shi ya sake zagayowa.