Abin da Na Koya a Kan Adana Tarihin Wanda Ya Rasu Yana Ganiyar Ƙarfinsa

Idan dattijo mai shekara 80 ya rasu, tarihinsa yana hannun 'ya'yansa, sun ji shi daga bakinsa sau ba adadi. Wanda ya tafi yana da 45 ko 50 kuwa, babban ɗansa yana sakandare, autarsa ba a daɗe da yaye ta ba, kuma bai taɓa zaunar da su ya ba su labarin kansa ba, domin yana ganin da sauran lokaci. Labarinsa a warwatse yake: wani a bakin mahaifiyarsa, wani a majalisar ƙofar gida, wani a cikin wayarsa. Babban abin da aikin haɗa tarihin mamata ya koya mini shi ne, a makonnin farko ake yin sa. Da an yi sadakar arba'in kowa ya kama gabansa, abin da ba a kama ba ya bi ruwa.

Ana farawa ne tun a tabarmar makoki. A nemi mutum ɗaya mai nutsuwa, ƙane ko amini, a ba shi littafi mai kauri da biro. A wurin jana'iza an saba yin shela cewa duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya ga wane. Wannan littafin ne zai ɗauki sunaye, adadi, shaidu da lambar waya, domin bashi yana gaba da wasiyya, wasiyya kuma, wadda ba ta wuce sulusi, tana gaba da rabon gado. Magidanci mai irin waɗannan shekaru da wuya a same shi babu adashi, ko kayan kasuwa da ya karɓa bai biya ba, ko ajiyar wani a hannunsa. Amma a ware rabin littafin na baya don wani abu daban. A kwanaki ukun nan ne wani baƙo zai durƙusa ya ce, "Shi ya biya mini kuɗin jarrabawa, ya ce kada in gaya wa kowa." Ba zai sake dawowa gidan ba. A rubuta sunansa da lambarsa kafin ya sa takalmi.

Sai waya, inda aka fi yin asara. Sau da yawa wani a gida zai ɗauke ta a kai wa mai gyara ya goge komai don an rasa lambar buɗewa, alhali matarsa ko babbar 'yarsa ta san ta, ba a dai tambaye su ba. Wani kuma ya zare layin ya sa a tasa wayar ya buɗe WhatsApp, tsohuwar wayar ta fita daga manhajar, tsofaffin saƙonni kuma ba sa biyo layi sai in an taɓa adana su. A bar layin a inda yake, a riƙa caji, a riƙa sa ɗan kati, domin kamfanin waya yana sayar wa wani layin da aka daɗe ba a amfani da shi, WhatsApp kuma yakan share asusun da ya kai kwana 120 bai hau intanet ba. A kwashe hotuna da saƙonnin murya zuwa kwamfuta kafin ranar rabo, tunda ita ma wayar dukiyar magada ce. Haka kuɗin da ke banki: sanin lambar katinsa ba ya halatta wa kowa ya cira. In wayar ta riga ta salwanta, muryarsa tana nan a wayoyin waɗanda ya tura wa saƙo. A roƙi abokai biyar ko shida su turo. Yarinyar da aka bari tana shekara uku ba za ta tuna muryar ubanta ba, kuma saƙon daƙiƙa ashirin da yake cewa a ajiye masa tuwo ya fi mata kowane hoto.

Wajen zaɓen waɗanda za a yi hira da su, a yi la'akari da kunya. In ɗan fari ne, mahaifiyarsa ba za ta kama sunansa ba, balle ta yabe shi a gaban mutane. Goggonsa ko wadda ta yi goyonsa ita za ta saki baki. Matarsa tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ko sai ta haihu in tana da ciki, don haka mace 'yar'uwarta ce za ta zauna da ita, kuma ba a makon farko ba. In mata biyu ya bari, kowace a ji ta a ɗakinta. Kada a manta da abokin ƙuruciya, da maƙwabcin rumfa ko abokin ofis, da malamin allonsa in yana raye.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne tambayar "Wane irin mutum ne?" Amsar ɗaya ce a ko'ina: mutumin kirki, mai haƙuri, mai zumunci, Allah ya jiƙansa. Gaskiya ce, amma ba za ta bambanta shi da kowane mamaci ba. A tambayi abin da ido ya gani. Me yake karya kumallo da shi? A wane gefen sahu yake tsayawa? Da wane suna yake tsokanar ƙanwarsa? Me ke ɓata masa rai, kuma yaya yake yi in ransa ya ɓaci? Ina ya sami jarin farko? In mai magana ya yi shiru ko ya fashe da kuka, a bar na'ura tana ɗauka, kada a cike shirun da wata tambaya, abin da ke biyo bayansa yakan fi komai daraja. A kashe fanka, a nisanci janareta, a toshe shigowar kira, a fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana. Minti talatin zuwa arba'in ya isa a zama ɗaya, domin hirar sa'a guda takan ci sa'a huɗu ko fiye wajen rubutawa.

Shekarar haihuwa tana buƙatar bincike. Wadda ke takardun aiki ko makaranta sau da yawa ta rantsuwar kotu ce, an rage ko an kintata, shi ya sa ɗaya ga Janairu ta yi yawa. Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi: shekarar da aka kashe Murtala, 1976, rikicin Maitatsine a Kano, Disambar 1980, rasuwar Malam Aminu Kano, 1983. In uwa ta ce da azumi ta haife shi a shekarar Murtala, to ƙarshen Agusta ne ko Satumba, ana cikin damina, kuma za a iya gwada hakan da tambayar ko gero ya fitar da kai. In riwayoyi biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Akwai abin da ba ya shiga. An hana mu zagin matattu, saboda haka rigimar gida da sirrin aure su tsaya a waje. Hotonsa a gadon asibiti, wanda wasu ke gaggawar sakawa a Facebook, cutarwa ce ga marayun da za su girma su gan shi. Sunan ciwon da ya yi ajalinsa dai a rubuta shi daidai, musamman hawan jini, ciwon suga ko ciwon hanta, domin wata rana likita zai tambayi 'ya'yansa.

Da an gama, a ajiye a wuri uku: kwamfuta, katin ajiya, da takarda da aka buga, domin katin yakan lalace ba tare da sanarwa ba. Takardun asali, irin su shaidar makaranta, wasiƙu da takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a sa su a leda cikin akwatin ƙarfe a ɗora a sama, saboda gara da danshin Agusta. A bayan kowane hoto a rubuta sunaye da shekara da fensir, tawadar biro tana huda takarda. Kowane ɗaki a ba shi nasa kwafi, a kuma bar ɗaya a hannun kawu ko baffa da zai miƙa wa autar ranar da ta iya karatu.