Amsa ga masu cewa in aiko da feshin damuwa daga Amurka

Assalamu alaikum jama'ar gida, na Gusau da na Ƙaura da duk wanda wagga takarda ta iske. Ina gajiya, ina hanƙuri da halin ƙasa. Mu nan Minesota lafiya lau sai sanyi. Gaisuwa ta tsaya nan, in na biye mata ba zan kai ga abin da ya zaunar da ni ba.

Tun ranar da bakina ya suɓuce na faɗa wa Goggo a waya cewa inda nake aiki yanzu muna ba masu ciwon damuwa wani magani da ake fesawa a hanci, wayata ba ta sake hutawa ba. Wannan ya ce an ce mashi feshi ɗaya mutum ke miƙewa garau, wancan ya ce in cusa kwalba biyu cikin jakar mai zuwa gida, wata baiwar Allah kuma ta yi man murya tana kuka saboda ƙanwarta da 'yan bindiga suka kashe wa miji, wata bakwai ke nan ba ta cin abinci sai an matsa mata. Ita ce ma ta sa na ce bari in amsa gaba ɗaya. Na so in haɗa da labarin kuɗin haya da yadda muke azumi a nan, to bari dai mu gani.

Sunan maganin Spravato, abin da ke ciki kuma esketamin. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda da shi a watan Maris na 2019. Ranar da na fara aiki aka nuna man shi cikin akwati mai makulli, na karanta takardar jikinshi sai da na yi dariya ni kaɗai, ashe ɗan uwan ketamin ne, ketamin ɗin nan dai da muke zuƙa a sirinji a ɗakin tiyata lokacin ina nas a gida, a kawo mai naƙuda tsakar dare ba wuta, janareto ba mai, ana haska wa likita da fitilar waya. Muna son shi ne don ba ya danne numfashi kamar sauran alluran barci. Tun 1970 ake tiyata da shi. Sai a 2000 wasu likitoci a jami'ar Yale suka lura in an ɗura wa mai tsananin damuwa ɗan kaɗan ta jijiya, cikin awoyi nauyin zuciyar ke raguwa. Mu kuwa shekara da shekaru muna ba mutane shi, abin da kawai muka sani shi ne sambatun da suke yi in suna farfaɗowa, wani ya kira sunan budurwarshi ta da gaban matarshi.

Ƙwayoyin da kuka sani, amitriptyline ɗin nan mai arha da ke sa barci da bushewar baki, da fluoxetine wanda nan suke kira Prozac tun 1987, da sertraline, su aikinsu kan wasu sinadarai ne na ƙwaƙwalwa irin serotonin, kuma a hankali suke yi kamar ruwan farkon damina da ke jiƙa ƙasa yau kaɗan gobe kaɗan, sati huɗu zuwa shida kafin a ga tsiro. Shi feshin ta wata hanya yake bi, ta sinadarin glutamate, kamar an buɗe wa gona ruwan Bakolori, kwana ɗaya ko biyu wasu sun fara jin sauƙi. Na gani da idona, wata tsohuwa da ta zo sati na farko ko ɗaga kai ba ta yi, zuwa na uku tana tambayata wane ne ya yi man lalle. Amma ruwan da aka buɗe janyewa yake yi in an rufe, shi ya sa ba feshi ɗaya ba ne kamar yadda aka faɗa maku. Wata na farko sau biyu a sati, wata na biyu sau ɗaya a sati, daga nan duk sati ko duk sati biyu, wasu har shekaru. Kuma akwai waɗanda ba ya yi masu komai, su ma na gan su.

To yanzu ku ji abin da ke cinye man rai, takardu. Wallahi ban san ana iya wahalar da mara lafiya da biro haka ba sai da na zo ƙasar ga. Da farko ba a ba kowa, sai wanda aka tabbatar ya sha ƙwaya iri biyu daban daban yadda ya kamata ba su yi mashi ba, ko wanda ya kai ga tunanin kashe kanshi. Kamfanin inshora kuwa ba ya yarda da bakin likita, sai an kawo shaidar sunan ƙwayar da yawan da aka sha da ranar farawa da ranar dainawa, wani mutumin shekara takwas da suka wuce ya sha a wata jiha, likitan ya yi ritaya, ni ce zan yi ta bugun waya ina neman fayil. In aika fom shafi goma sha, su dawo da shi wai an bar gurbi ɗaya, in cike in mayar, su ce wanda ke dubawa ya tahi hutu. Akwai ranar da na yi minti hamsin riƙe da waya ana kaɗa man kiɗa, da aka ɗauka aka ce ba sashen ba ne. Maganin da ke aiki cikin kwana ɗaya, takardarshi sai ta ci sati uku ko huɗu, kusan lokacin da tsohuwar ƙwaya za ta ɗauka ta fara aiki, ku duba man wanga abin. Ga shi bayan 'yan watanni izinin ya ƙare a sake sabon lale. Dalilinsu kuɗi ne, lokacin da ya fito zama ɗaya dala 590 zuwa 885 ne kuɗin maganin kawai ban da na asibiti, ku buga da canjin yau ku gani. Ingila ma hukumar da ke duba wa asibitocin gwamnati magani ƙin karɓarshi ta yi.

In izini ya fito ma ba a ba mutum ya tahi gida da shi. Asibitin sai mai rajista ta musamman, mara lafiya shi ma sai an yi mashi rajista. Ba cin abinci awa biyu kafin a zo, ba shan ruwa rabin awa kafin. In auna jini, ya fesa da hannunshi ina tsaye, ya huta minti biyar ya ƙara, bayan kamar minti arba'in in sake aunawa don yana hawar da jini, ya zauna awa biyu cur muna kallonshi saboda jiri da wani yanayi da mutum ke jin kamar ya fita daga jikinshi yana kallon kanshi daga sama, da a gida ne da tuni an kira mai ruƙiyya. Ba tuƙi sai washegari, dole wani ya zo ɗaukarshi, cikin sanyin da ke wuce 20 ƙasa da sifili a Janairu, ga rana ta faɗi tun huɗu da rabi a Disamba, duhun nan kaɗai ya isa ya sa lafiyayye damuwa. Kowace kwalba lissafe take, wadda aka fesa ma sai an rubuta. To ta ina zan saka biyu cikin jakar mai zuwa gida, kurkuku kuke so a kai ni?

Kuma don Allah kar wani ya ji na ce ɗan uwan ketamin ne ya je ya lallaɓi yaron kemis ko wani ma'aikacin tiyata. Ketamin yana kama mutum kamar yadda tramol ya kama yaranmu, yana lalata mafitsara in an daɗe ana sha, shi ya kashe ɗan wasan nan na Amurka Matthew Perry a 2023, mai kuɗi da likitoci kewaye da shi. Haka wata sabuwar ƙwaya Auvelity da ta fito 2022, ita ma ana cewa ta fi tsoffin ƙwayoyin sauri, cikinta akwai sinadarin maganin tari. Da na ji haka sai da gabana ya faɗi, na tuna yadda kwalaben kodin suka cika kwatocinmu har gwamnati ta hana shi a 2018. Ba abu ɗaya ba ne, kar a je a sayi maganin tari a ce ni na faɗa.

Wadda ta burge ni ita ce ta masu jego, zuranolone, 2023 ta fito, ƙwaya ce ta kwana 14 kawai don damuwar bayan haihuwa, irin wadda mu muke cewa kewar gida ce ko iska, a ƙara mata ruwan wanka da kunun kanwa. Lokacin da ta fito kuɗinta dala 15,900. Na bar maku nan.

Abin da nake so 'yar uwar nan mai kuka ta ji shi ne, ko nan Amurka da tsohuwar ƙwaya ake farawa, irin wadda za a rubuta wa ƙanwarki a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko wurin likita nan Gusau. Kusan mutum ɗaya cikin uku ke warkewa da ta farko, saura a canza masu wata ko a ƙara. Inda muke faɗuwa shi ne kwana goma, an sha ba a ga komai ba sai jiri da bushewar baki, a ce maganin bature bai karɓe ta ba a jefa bayan gado. Ko kuma ta ji sauƙi wata biyu a daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan sauƙin, kuma a sauka a hankali da sanin likita. Satin farko farko a riƙa zama kusa da ita, musamman in ba ta kai 25 ba, in ta fara zancen gara ta bi mijinta kar a ce shagwaɓa ce, a koma asibiti ranar. In amitriptyline aka ba ta, wani babba ya riƙe kwalin yana ba ta na kullum, don yawanshi kisa yake yi, a kuma ɓoye wa yara. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana ƙwaya ba. Sunan Kware kuma ya daina ba ku tsoro, ba sai wanda ke tsince tsince a bola ke zuwa ba.

Zancen haya da azumi sai wani jiƙon, ƙarfe biyar na asuba ta yi kuma ƙanƙara ta binne man mota tun jiya, sai na haƙo ta da shebur kafin in kama hanya. Goggo, ki sa a ɗauko man hoton kwalin duk maganin da aka ba ƙanwar mai kukan nan gaba da baya, da ranar da ta fara sha. Kuma daddawar da kika ce kin ba mai zuwa har yau ban gan ta ba.

'Yar uwarku, daga Minesota