Saƙon godiya bayan miƙa ragamar ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, na miƙa ragamar ƙungiyarmu ta masu tsara gari da ke aikin rage ɓarnar bala'i da farfaɗo da al'umma ga sababbin shugabanni, kuma na miƙa ta ne da gajiyar da ban taɓa sanin irinta ba, amma da zuciya a sake. Kujerar ba ta da albashi, ba ta da alawus, ba ta da motar ofis. Waɗanda suka zaɓe ni sun ɗauka, kamar yadda ni ma na ɗauka, cewa aikin ba zai wuce shirya tarurrukan ƙara wa juna sani da bibiyar kuɗin wata ba, sai Allah ya ƙaddara cewa a cikin wa'adina ne madatsar ruwa ta Alau za ta ɓalle, garin Maiduguri ya wayi Talata, 10 ga Satumba, 2024, a cikin ruwa. Kun bi abin da ya biyo baya tare da mu, don haka ba zan maimaita shi ba.

Abu ɗaya ne nake so in tsaya a kansa, domin har yau idan na tuna shi barci yakan ƙaurace mini. Mataimakiyar sakatarenmu, wadda ita ce mafi ƙarancin shekaru a cikinmu, tana zaune ne a Gwange tare da mahaifiyarta da ƙafa ta daɗe da gaza mata. A cikin daren nan ta kira ni ta ce, "Baba, ruwa ya shigo ɗaki, ya kai mini ƙugu, ina neman yadda zan fitar da Mama." Kafin in amsa wayar ta katse, daga nan kuma layinta bai sake shiga ba. Ni da na yi shekaru ina koyar da yadda ake zana hanyoyin tsira a kan taswira, na zauna da waya a hannu babu abin da zan iya yi mata sai addu'a, alhali labari yana ta zuwa cewa ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Mai Martaba Shehun Borno da Asibitin Koyarwa, ya rushe katangar gidan yari, ya kuma fito da kadoji da macizai daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi.

Da Allah ya sa muka same ta a sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi, wanda gwamnati ta sake buɗewa saboda ambaliyar, mahaifiyarta na kwance a kan tabarmar aro, ita kuma tana tsaye babu takalmi, riƙe da littafin rubutu na 'yan firamare da ta roƙa a wajen wani yaro. Ta riga ta ja layi a shafukansa tana bin iyalai ɗaya bayan ɗaya: daga wace unguwa suka fito, mutum nawa ne a gidan, ina ruwan ya kai a jikin bango, ginin ƙasa ne ko na bulo, takardun fili sun tsira ko sun tafi. Babu wanda ya sa ta. Wannan littafi shi ne ya zama tushen fom ɗin da muka yi aiki da shi daga baya. 'Yata, al'ada ta hana babba ya yabi ƙarami a gaban jama'a, amma ni na kasa yin shiru. Allah ya yi miki albarka, ya ba Mama lafiya mai ɗorewa, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Aikinmu na gaskiya ya fara ne bayan ruwa ya janye, lokacin da kyamarori suka fara raguwa. Sai da muka bi lungu-lungu a Gwange da Fori da Galtimari da wasu unguwannin Jere muna auna shatin da ruwa ya bari a bango kafin rana da fenti su shafe shi, muna ɗaukar matsayin kowane wuri da wayoyinmu, muna gwada shi da hotunan tauraron ɗan'adam, domin a gane inda tsofaffin hanyoyin ruwa suke da inda aka gina gidaje a kansu, da kwalbatocin da shara ta toshe. An yi wannan a cikin wari da laka, a daidai lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓulla a jihar cikin watan Oktoba. Ina godiya ga 'yan safiyo da suka ba mu aron na'urorinsu ba tare da ko sisi ba, da ɗalibai da suka yi ta tafiya a ƙasa, da ma'ajinmu wanda ya riƙa zuba mai a motarsa daga aljihunsa, ya kuma hana a rubuta masa bashi. Ina godiya ga wani dattijo mai kwalekwale da ya tsallaka da mu tun ruwa bai gama sauka ba, ya ƙi karɓar komai da ya ji abin da ya kawo mu. Allah ya saka musu da mafificin alheri, ya buɗa musu ta inda ba su zato.

Lawanai da Bulamai, wato dagatai da masu unguwanni, sun cancanci godiya ta musamman. Su ne suka haɗa mu da tsofaffin da suka ga ambaliyar 1994, waɗanda suka nuna mana inda ruwan kogin Ngadda ya tsaya a wancan karo, wurare da yawa a lokacin gonaki ne da fili. A cikin shekaru 30 da ke tsakani garin ya bunƙasa, rikicin Boko Haram ya kuma turo dubban iyalai daga ƙauyuka, kuma wanda ya zo gudun hijira ba ya zaɓen tudu, inda ya samu nan yake kafa rumfa. Shi ya sa ban taɓa yarda da masu cewa taurin kai ne ya zaunar da mutane a kwari ba. Duk shirin sauya wa mutane matsuguni da bai tanadi ruwan sha da makaranta da hanyar zuwa kasuwa ba, mutanen za su koma inda suka baro kafin damina ta zagayo, kuma wannan shi ne abin da muka fi nanatawa a rahoton da muka rubuta.

Ba zan manta da sojoji da 'yan Sibiliyan JTF da ma'aikatan hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA da suka shiga ruwa suna fito da mutane ba. Mu masu takarda da biro ne, su kuwa rayukansu suka sa. Haka nan abokan aikinmu na Kano da Kaduna da Jos da suka turo gudunmawa tun kafin mu buɗe baki. Da ambaliya ta afka wa Mokwa a Jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, wasu daga cikin mambobinmu da ba su gama gyara nasu gidajen ba su ne suka fara kira suna tambayar abin da za mu iya aikawa.

Akwai manyan da muka sa rai za mu gani ba mu gani ba, akwai kuma 'yan uwa na jini da har yau ban ji sannunsu ba, ko da ta saƙon waya. Na sani kowa da uzurinsa, na kuma bar zancen a nan. Amma uwar 'ya'yana, wadda ta mayar da zaurenmu ofis, ta ciyar da duk wanda ya shigo da laka a ƙafa ba tare da ta tambayi ko wane ne ba, ta kuma jure rashina a lokacin da gidan ya fi bukatata, ita kam ba ni da bakin gode mata. Allah ya biya ki da Aljannar Firdausi.

Ya Allah, ka jiƙan waɗanda ruwan nan ya tafi da su, waɗanda aka samu aka yi wa sutura da waɗanda har yau iyalansu ke jira. Ka mayar wa waɗanda suka rasa gidaje da jari da alherin da ya fi wanda suka rasa. Ka raya marayun da aka bari, ka ba zawarawa haƙuri, ka kare Borno da ƙasa baki ɗaya daga sake ganin irin wannan dare. Ka ba masu aikin sake gina madatsar Alau ikon yin sa da gaskiya da tsoronka. Ka taya sababbin shugabanninmu riƙo, ka haɗa musu kan mambobi fiye da yadda ka haɗa mini.

Akwai aikin da na bar musu bai ƙare ba. Hasashen ambaliya da hukumar yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwa ta NIHSA ke fitarwa kowace shekara har yanzu ba ya isa ga mai unguwa da harshen da yake ji, kuma unguwanni da dama ba su san tudun da za su nufa ba idan aka ce a fita. Duk mamba da ke riƙe da hotunan shatin ruwa ko fom ɗin da bai kawo ba, don Allah ya miƙa wa sabon sakatare kafin taro na gaba.